Hilda Nangala, Mai Mayar wa Hotuna Sunayensu

Ƙarfe bakwai da rabi Gwaggo Hilda Nangala take fitowa daga gidanta na bayan kantin garin Mirrapa, makullai a rataye a wuya, karnuka uku na biye da ita, waɗanda kullum take cewa ba nata ba ne. Takan bi ta gefen filin ƙwallo, ta tsaya wurin duk wanda ta gani a bakin wuta, ta tambayi wanda ya tashi lafiya da wanda aka wuce da shi asibitin Alice Springs. Wanda bai san ta ba zai ɗauka gaisuwa ce kawai, alhali aikinta ne ya fara tun daga nan. Ɗakin tsofaffin hotunan da take kula da shi wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a jikin cibiyar zane-zane, inda ake jibge buhunan fulawa a da. Tana shiga sai ta kunna na'urar sanyaya ɗaki saboda hotunan, ita kuma ta yafa rigar sanyi tana mita. Ta ɗora butar shayi, sannan ta bi bango da ido, hoto bayan hoto. Idan an yi rashi a garin, sai ta ɗauko farar takarda da almakashi, ta yanka daidai girman mamacin a hoto, ta manna a kansa, ta buɗe kwamfuta ta rufe shi a can ma. Haka hoton zai zauna wata shida, ko shekara, ko fiye, har sai danginsa sun ce a buɗe. Sunansa ma ba za a ƙara ji a bakinta ba.

Shekara ashirin da shida ke nan tana wannan aiki. Ƙarshen watan nan za ta miƙa makullan, domin yanar ido ta fara rufe mata gani, ita kuwa ta ce ba za ta zauna tana laƙa wa mutane sunan da ba nasu ba.

Ni sunana Narelle, ɗaukar hoto ce sana'ata. An rataye hotunana a manyan ɗakunan nuni na Adelaide da Sydney, sunana a ƙasa da manyan baƙaƙe, 'yan jarida suna tambayata yadda nake ganin ƙasa da asali da abin da Turawa suka yi mana, ni kuma ina ta zuba kamar na sani. Ba a taɓa kai wa Gwaggo Hilda makirufo ba. Wannan ya daɗe yana ci mini rai, shi ya sa na zauna yin wannan rubutu.

Aikinta ya samo asali ne daga wasu akwatuna da wani gidan tarihi na kudu ya maido. Hotuna ne sama da dubu huɗu, waɗanda 'yan mishan da 'yan sanda da masu awon ƙasa suka ɗauka, har da masu zuwa da ma'auni suna gwada kawunan kakanninmu. A bayan kowane hoto akwai rubutu da fensir: "Wata mace da akushi." "Yara a bakin rijiya." Akwai wanda aka rubuta sunan raƙumi a bayansa, aka manta da mutumin da ke riƙe da akalarsa. Gwaggo Hilda ta riƙa zuba su cikin jakar kanti goma-goma, tana bi gida-gida, tana zama a ƙasa da tsofaffi, ana cin wutsiyar kangaru, naman dajinmu, ana gardama, har sai sunan ya fito. Mai jan raƙumin nan ashe kakan malamar makarantarmu ne. Zuwa yau ta mayar wa mutum dubu ɗaya da ɗari biyu da wani abu sunayensu.

Tana da wata hanya da ban taɓa gani a wurin kowa ba. Idan aka ba ta tsohon hoto, ba ta fara duba fuska. Takan sa babban yatsa ta rufe mutumin, ta ƙura wa abin da ke bayansa ido, dutse ne ko itace ko bakin rafi. In ta gane ƙasar, ta san gidajen da za ta je tambaya. Kawu Clem, direban Toyotar cibiya, wanda ya fi kowa shan wahalarta, yana son ba da labarin wani Bature masani da ya zo daga gidan tarihin. Baturen ya nuna mata hoto ya ce a Rafin Gishiri aka ɗauka, ga shi a rubuce. Ta ce a'a. Ya ce ai wanda ya rubuta yana wurin. Ta ce shi baƙo ne, ita kuwa a gindin dutsen nan aka yanke mata cibiya.

"Awa uku ta sa na tuƙa su a kan hanyar da ko jaki ba zai yarda ya bi ba," in ji Kawu Clem. "Muna isa ta ɗaga hoton nan ta jera shi da dutsen, tsaf, har tsagar da ke gefe. Bature ya cire hula. Ita kuwa ko murmushi, sai cewa ta yi, Clem, ka manta sukari ko? Ni da na kawo ta, ni ne mai laifi."

Yadda na san ta kuwa, ta dalilin mahaifiyata ne. Ba zan faɗi sunanta ba, za ku ji dalili. Tana da shekara huɗu motar 'yan sanda ta ɗauke ta daga wannan ƙasa, saboda fatarta ta fi ta sauran yara haske, aka kai ta gidan renon yara a kudu. Can ta girma, ta yi aikin wanki a asibiti, ta haife mu. Abin da take tunawa game da uwarta warin hayaƙi ne da wata murya mai waƙa, fuska kuwa babu. Ta sha gaya mini cewa takan rufe ido ta yi ta ƙoƙari, sai fuskar wata ma'aikaciyar gidan renon ta fito mata, ranta ya ɓaci. Abu ɗaya take so kafin ta bar duniya, ta ga fuskar uwarta ko sau ɗaya. Amma zuwa Mirrapa, ko a mafarki ba ta yarda ba.

Ni na zo a madadinta, da kyamara uku a wuya da takardar hukuma a hannu. Gwaggo Hilda ta dube ni sama da ƙasa.

"'Yar birni, sauke ƙarafunan nan kafin wuyanki ya karye. Wace ce uwarki?"

Na ba ta takardar. Layi ɗaya ne mai amfani a ciki, cewa an ɗauko yarinyar daga Rijiya ta Tara. Ta karanta, ta naɗe, ta miƙo mini kofin shayi, ta ce in dawo. Na yi ta dawowa har shekara biyu. Wani zuwan ta aike ni ɗebo itace da mata, wani zuwan ta sa ni goge ƙurar akwatuna. Na sha cika na yi fam, ina ganin tsohuwar nan wasa take yi da hankalina. Ashe duk lokacin nan tana bin duk hoton da ke da dutsen Rijiya ta Tara a bayansa, ɗaya bayan ɗaya.

Ina Adelaide ta kira ni a waya. Ta ce ta samu. Wani mai awon ƙasa ne ya ɗauki sabon tankin ruwa da aka kafa a rijiyar, a gefen tankin kuma akwai wata mace da yarinya 'yar shekara tara. Ta kai hoton wurin wata tsohuwa a ƙauyen gaba, tsohuwar ta dafa shi ta ce wannan ni ce, wannan uwarmu ce, kuma muna da ƙanwa da mota ta tafi da ita. Wato mahaifiyata tana da yaya a raye, ba mu sani ba.

Kwana takwas na yi kafin in samu zuwa, domin Mama na kwance, zuciyarta ta kumbura, likitoci sun ce watanni suka rage. A cikin kwana takwas ɗin nan yayar tata ta rasu. Na shigo ɗakin hotuna da gudu, na tarar da hoton a kan tebur, farar takarda ta rufe shi baki ɗaya. 'Ya'yan marigayiyar ne suka ce a rufe duka, tunda tana jingine a jikin uwarta.

"Gwaggo, ɗaga mini kawai in ɗauka da waya in tura mata. Minti ɗaya."

"A'a."

"Ba wanda zai sani. Ni da ke ne a ɗakin nan."

"Ni zan sani. Ba a aika mamaci ta waya, 'yar nan. Mutanenta suna can zaune a makoki, ko gashin da suka aske don rashin bai fito ba."

"Mamata mutuwa za ta yi."

"Na sani."

Daga nan na faɗi maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce Turawa sun ɓoye mata uwa shekara saba'in, yanzu ke kuma kin karɓi aikinsu. Ta juya ta wanke kofuna biyu da suke a wanke, ta kife su. Can ta ce, "Na ji. Kin gama? To ja mini ƙofar, sanyi na fita."

Gwaggo, ban taɓa ba ki haƙuri yadda ya kamata ba. Ga shi ina ba ki a gaban jama'a. Ke da aka kore ki daga makarantar mishan don kin yi yaren uwarki a aji, ke na kalla na haɗa da su. Ki yafe mini.

Washegari na zo na tarar da ɗakin a kulle. Kwana uku ba ita ba Kawu Clem. Daga baya shi ya ba ni labari. Wurin makokin suka tafi, inda dangin suka bar gidajensu suka kafa rumfuna a bayan gari. Ta zauna a ƙasa tare da matan, ta yi kukan da ake yi, ba ta ta da maganar ba sai a rana ta biyu. Ta bi 'ya'yan marigayiyar su biyar ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ke aikin shanu a wata gona mai nisa. Babbar 'yar, Glenys, ita ta yanke magana. Ta ce uwarsu ta rasu tana da ƙanwa, kuma ƙanwa ta fi su iko da wannan hoto. Idan ta zo da ƙafarta ta ɗaga takardar da hannunta, babu mai hana ta. Amma ta zo.

Na ce wa Gwaggo Hilda ai shi ke nan an rufe ƙofa, Mama ba za ta zo ba, na yi shekara ashirin ina roƙonta. Ta ce in buga mata lambar Mama. Na buga, na sa yadda kowa zai ji.

"Yaya, Hilda ce daga Mirrapa. Ƙanwarki ce ta wajen dangi. An ce ba ki jin daɗi."

Sannan Mama ta ce, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba, "Ba wanda ya san ni a can. Ko yaren ban iya ba. Me zan ce musu?"

"Ba jarrabawa za a yi miki ba, Yaya. Zama kawai za ki yi, mu za mu yi surutun, mun iya. Ki taho da bargo mai kauri, da sanyi yanzu. Kuma ki ce wa 'yar nan taki ta rage baƙin rai."

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da na koma Adelaide ɗaukarta, na tarar ta riga ta haɗa jaka. Abin da ta yi ta maimaitawa a jirgi shi ne, "Kin ji ta ce mini Yaya."

Daga Alice Springs awa biyar ne a mota. Kawu Clem, wanda ba ya ganin rami ya kauce, ranar nan tuƙi ya yi kamar ya ɗauko ƙwai. Matan garin suka tarye ta a bakin hanya, suka rungume ta ɗaya bayan ɗaya suna kuka, Glenys ta riƙe fuskarta da hannu biyu ta kasa saki. Na ɗauka daga nan ɗakin hotuna za mu wuce. Gwaggo Hilda ta ce a'a, ba a ɗaki aka ɗauke shi ba, ba a ɗaki za a buɗe shi ba.

Da safe muka tafi Rijiya ta Tara. Tankin yana nan, ya yi tsatsa ya ɓule, ciyawa ta fito ta cikinsa. Aka shimfiɗa wa Mama bargo, Gwaggo Hilda ta ɗora mata hoton a cinya, kowa ya ja baya. Ta sa farce ta ɗaga takardar.

Ga mace doguwa, siririya, yarinya a jingine da cinyarta. Sai dai ba ta kallon kyamara. Ta juya kai gefe, rabin fuskar kawai ake gani, ido da kunci da gefen baki. Mama ta daɗe tana kallo. Na ga kafaɗunta sun sauka.

"Shekara saba'in ina jira," ta ce, "ashe ko kallona ba za ta yi ba."

Na ce a raina na jawo mara lafiya tun daga kudu don ta ƙara wani baƙin cikin. Gwaggo Hilda ta matso, ta karɓi hoton, ta taka har gindin tankin. Ta ɗaga shi ta jera da dutsen da ke baya, ta ɗan matsa hagu, ta ɗan dawo, har komai ya zauna daidai. Sannan ta miƙa hannu ta bi inda idon matar ya nufa. Wasu duwatsu ne guda biyu, taku ashirin daga tankin, da 'yar tsaga a tsakaninsu.

"Yaya, wadda ta tafi, yayar taki, ta gaya mini kafin ta tafi. Ranar nan da aka ji ƙarar mota, sai uwarku ta shafa miki gawayi don fatarki ta yi duhu, ta tura ki cikin tsagar can, ta ce kada ki motsa. Baturen ya tsayar da su nan don a ga tsawon tankinsa. Ya yi ta cewa ta dubo shi, ta ƙi. Ke take kallo."

Mama ta miƙa mini hannu na ta da ita. Taku ashirin ɗin nan sai da muka huta sau biyu. Ta isa tsagar ta zauna a bakinta, domin yanzu ba za ta shige ta ba, ta ce da Gwaggo Hilda, "Riƙe shi a nan inda kike. Kada ki sauke." Gwaggo Hilda ta tsaya a rana da hoton a ɗage, Mama na zaune inda idon uwarta ya sauka, tana kuka tana gyara gashinta da tafin hannu. Kyamarata na rataye a wuyana, na manta da ita.

"'Yar birni," in ji Gwaggo Hilda, ba tare da ta juyo ba, "yanzu ki ɗauka."

Sau ɗaya na danna. Shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka, kuma ba ni na tsara shi ba.

Mama ba ta koma kudu ba. Ta yi wata biyar a gidan Glenys, ta koyi kalmomi kamar talatin, tana faɗinsu a karkace jikoki na dariya. A nan ta rasu, a nan aka binne ta kusa da yayarta. Na riga na wanke hoton nan da na ɗauke ta babba na rataye a ɗakin hotuna. Washegarin rasuwar, Inna Hilda, domin tun daga wayar nan ta hana ni ce mata Gwaggo, ta yanka farar takarda ta rufe shi. Masu ɗakunan nuni sun ji labarinsa, sun yi ta waya suna so. Na ce musu babu. Yana cikin kwamfutata ma, wata goma sha huɗu ke nan ban buɗe ba, ko da yake akwai ranakun da kewarta take hana ni cin abinci.

Inna, ke ce kika koya mini cewa mutumin da ke cikin hoto yana da dangi, kuma su ake tambaya. Ke ce kika tsaya a kan a'a ranar da na zage ki, sannan kika kwashe ƙafa kwana uku kina nema mini i. Da kin ɗaga mini takardar nan, da Mama ta ga rabin fuska a gilashin waya a gadon asibiti, ta mutu tana ganin uwarta ta kau da kai daga gare ta. Mai haƙurin zama da tsofaffi, uwar marasa suna, na gode. Mirrapa ta gode, har da waɗanda ba mu da ikon ambata.

Ku kuma 'yan uwana masu yawo da kyamara, kafin ku danna ku tambayi sunan mutum da na uwarsa da na ƙasar da yake tsaye a kai, ku rubuta. Matasan garinmu, akwai sauran hotuna kusan dubu uku a cikin akwatunan nan da ba a san ko su wane ne ba, tsofaffin da za su gane su kuma ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya nuna muku duwatsun. Ta ce ko ta ajiye makullai, shayinta ba zai ƙare ba.

Makon jiya na same ta tana kwashe kofunanta daga ɗakin. Na tsaya gaban farar takardar nan, na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da na daɗe ina son tambaya.

"Inna, kafin ki tafi, yaushe za a buɗe wannan?"

Ta dube ni da idanun nan da suka yi fari-fari. "Ni kike tambaya? Glenys ta ce ta yarda tun bayan Kirsimeti. Saura ke. Ke ce 'yarta."

Duk tsawon watannin nan ina cewa al'ada ce ta hana ni. Na ɗora hannu a gefen takardar, na ji laushinta, na sauke.

"Ban shirya ba tukuna, Inna."

"To bar ta," ta ce. "Ba inda za ta je. Tana gida."